Idan yaro ya ce ya gaji da duniya, kada a fara da wa'azi

A wani dandalin shan ataya da ke bayan kasuwar Nima a Akra, babban birnin Ghana, na taɓa jin wani saurayi, kofi na hannunsa ya huce bai kurɓa ba, yana cewa, "Ni fa na gaji, gara in huta gaba ɗaya." Aka kwashe da dariya. Wani ya ce rashin kuɗi ne, wani ya ce ya je ya yi alwala. Babu wanda ya tambaye shi me yake nufi, har da ni. Yayarsa ce ta lura ya daina cin abinci, ya fara rabar da kayansa, ta tsaya kai da fata sai da aka kai shi asibiti. Yau yana nan yana ɗinkinsa.

Shekara da shekaru muna da hujjar ɓoye irin wannan. Sashe na 57 na dokar manyan laifuka ta 1960 ya ɗauki yunƙurin kashe kai a matsayin laifi, shi ya sa iyaye ke rufe ƙofa don gudun 'yan sanda. A watan Maris na 2023 majalisar dokokin Ghana ta soke wannan hukunci. Wanda ya yi yunƙuri yanzu majinyaci ne, ba mai laifi ba. Amma ka zagaya Mamobi ko Fadama ka ga mutum nawa suka ji labarin.

Babu gardama, kashe kai haramun ne. Sai dai wanda damuwa ta danne, idan ka tare shi da zancen wuta, abin da ka koya masa kawai shi ne kada ya sake buɗe baki. Mai karaya ana yi masa addu'a, ana kuma yi masa ɗori. Me ya sa mai ciwon damuwa da ƙwaƙwalwa ne kaɗai za a ce ruƙiya ta wadatar? Malam ya yi tofi, sannan shi da bakinsa ya ce, "Alhaji, ku kai shi wurin likita yau." Maganarsa ta fi ta kowa nauyi a gidan.

Abin yi a daren da abin ya taso ba shi da wuyar fahimta. Ka tambaye shi kai tsaye, "Ɗan'uwa, kana tunanin kashe kanka ne?" Tambayar ba ta sa wa mutum tunanin da ba shi da shi, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. Idan har ya ji wa kansa ciwo, a kira 112 ko a garzaya sashen gaggawa mafi kusa. Hukumar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda dokar 2012 ta kafa, tana da layin kira kyauta, 0800678678.

Daga Nima zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Akra da ke Adabraka ba wata tafiya ba ce, mutanen Madina kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Pantang na kusa da su. Nisan a suna yake. Tun 1906 asibitin ke nan, har unguwar Asylum Down ta samo sunanta daga gare shi, mu kuma muka laƙaba masa "asibitin mahaukata". Wace uwa ce za ta so a ga 'yarta mai jiran aure a ƙofarsa? Ga wadda ke jin wannan nauyin, manyan asibitocin gwamnati da yawa suna da nas-nas na lafiyar ƙwaƙwalwa, ana shiga ta ƙofar da mai zazzaɓi ke shiga.

Ina so limaman Juma'a na Nima da Sabon Zango su karanta waɗannan lambobi biyu da Hausa bayan sallame salla, a daidai lokacin da ake sanarwar ɗaurin aure, su maimaita sau biyu don mai waya ya samu ya adana.