An bar jaki ana dukan taiki: Pillars a idon ɗan Kano mazaunin Legas

Daren Lahadin da Kano Pillars ta tashi ɗaya da ɗaya da Shooting Stars, a watan Oktoban 2025, muna zaune a teburin mai shayin layinmu a Agege. Ba wanda ya kurɓi shayinsa. Waya ɗaya ce ke yawo daga hannu zuwa hannu, ana kallon bidiyon da aka turo daga filin Sani Abacha: an farke mana a mintunan ƙarshe, jama'a sun tsallako cikin fili, alƙalan wasa da baƙi suna neman hanyar tsira. Wani yaro da ke ɗaukar mana kaya a kasuwa ya juyo ya dube ni, idonsa ja wur, ya ce, "Wallahi Yaya, in ba a sallami kocin nan ba, bana ma sai mun koma 'yan dagaji." Dattijon da ke gefe, wanda ya fi shekara talatin a Legas, ya ajiye kofinsa ya ce, "Kai yaro, tun da ka fara wayo koci nawa aka sallama? Wanne ne ya tafi da ciwon?"

Yaron bai ba da amsa ba. Ni ma ban ce uffan ba, amma tambayar ta kwana da ni.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. Hukumar gasar ta zabtare mana maki uku, ta ci mu tarar naira miliyan 9.5, ta kuma kore mu daga gida zuwa Katsina. Aka dakatar da koci Evans Ogenyi, aka dawo da Baba Ganaru. Ina ƙaunar Ganaru, shi ya ciyo mana kofin 2012 da na 2013, kuma ina roƙon Allah ya ba shi sa'a. Sai dai mu ƙirga mana. Ogenyi ne ya dawo da mu Firimiya a 2023 bayan mun faɗi a 2022. Kafin a take ƙwallon farko na sabuwar kaka an maye gurbinsa da Abdu Maikaba. Maikaba ya yi kaka ɗaya, Usman Abdallah ya yi ɗaya, aka sake kirawo Ogenyi, bai kai ko rabin zagayen farko ba aka ce ya tsaya. Kowane ɗaya a cikinsu yana da irin ƙwallon da yake so, da irin yaran da yake so. Wane gini ne zai tashi in kowace damina sai an canza magini an sake haƙa tushe?

Ni ɗan Fagge ne, shekarata goma sha huɗu a Legas, sana'ata kayan gwari a kasuwar Mile 12. Bari in faɗi abin da sana'ar nan ta koya min. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan yana cin kusan kilomita dubu kafin ya iso mana. In an tsinke shi ya nuna da yawa, ko an danna shi a kwandon da bai da ƙwari, ko an bar shi ya sha rana kafin mota ta tashi, to ko wane direba ka ba, ruwa zai sauke maka. Sabon shiga a harkar shi ne yake cakumar wuyan direba a bakin kasuwa, don direban ne a gabansa. Wanda ya daɗe, waya yake ɗauka ya kira gida ya tambayi wa ya yi lodi, yaushe aka yi. Akwai direban banza, ban musa ba, mai kwana a hanya ba dalili. Amma a cikin asara goma da na gani da idona, mafi yawanta tun daga wajen lodi aka ƙulla ta.

Mummunan farkon kaka ma haka yake. Ba a ranar wasan farko ake faɗuwa ba, tun watannin hutu ake faɗuwa. Yaushe aka naɗa shugabanni? Yaushe kuɗin sayen 'yan wasa ya fito? Wa ya zaɓo yaran, kocin ne ko wani mai faɗa a ji? Mako nawa suka yi a sansani tare kafin a fara? Galibin ƙungiyoyin gasarmu na gwamnatocin jihohi ne, tamu ma haka. Kuɗinsu yana bin layin da kuɗin kowace ma'aikata ke bi, shugabancinsu yana juyawa da juyawar siyasa, 'yan wasa da yawa kuma kwantiragin shekara ɗaya suke sa wa hannu, kaka na ƙarewa kowa ya ɗauki jakarsa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu kusan kullum a tasha muke fafe namu. In aka yi wasa shida babu daɗi, wanda ya fi sauƙin taɓawa shi ne mutumin da ke tsaye a bakin layi da hular rana. Ba shi da ubangida a gidan gwamnati, korarsa ba ta da tsada, kuma tana sanyaya zuciyar 'yan kallo na mako biyu.

Zaman Legas ne ya buɗe min ido a kan wannan, kuma ta hanyar da ban zata ba.

Gaskiya ita ce, wajen son ƙwallon gida Legas ba ta kama ƙafar Kano ba. A nan ƙwallo ta Ingila ce. Ran Asabar gidajen kallo daga Agege har Obalende a cike suke maƙil, janareto yana ruri, mutum ya biya kuɗin benci don ya zagi kocin Manchester United da ke can wata duniya. Ka tambayi yaran nan wa ke jan teburin gasar Najeriya, sai su dube ka kamar ka yi musu wani yare. Dattawan Yarabawa ne kawai za su ba ka labarin Stationery Stores da ta ci kofi a 1992, da Julius Berger da ta ci a 1991 da 2000. Tun daga 2000 ɗin nan kofin gasar bai sake kwana a Legas ba. MFM ta taɓa yin ta biyu a 2017 a nan filin Agege, bayanta ta shuɗe. Sporting Lagos ta hau a 2023, ta sauka a 2024. A Kano kuwa, ranar wasa tun azahar Ƙofar Mata take cika, mai adaidaita ya ajiye aiki, ɗan kasuwar Kwari ya rufe shago. Duk ranar da Pillars ta zo filin Onikan, mu ne muke mayar da shi kamar gida: 'yan Mile 12, 'yan Idi-Araba, 'yan Alaba Rago, masu gadi da masu canji, ana "Sai Masu Gida" har masu masaukin su rasa muryarsu. Wannan dukiya ce da kuɗi ba ya saya, kuma kowace ƙungiya a ƙasar nan tana kwaɗayinta.

To amma fita kaɗan daga Legas, ka bi hanyar Ibadan ka ratse ta Shagamu, akwai wani ƙaramin gari, Ikenne, a jihar Ogun. Can Remo Stars take. Ba ta da kashi ɗaya cikin goma na jama'armu. Na je kallo sau ɗaya da wani abokin cinikina Bayarabe, abin da ya tsaya min a rai ba wasan ba ne. Fili nasu ne na kansu, ga makarantar rainon yara a gefe, Beyond Limits, ga mai ƙungiyar, Kunle Soname, mutum ɗaya da aka san in an yi asara aljihunsa ne ya yi kuka. Sun zo na uku a 2022, sannan Daniel Ogunmodede ya karɓi aikin koci.  Ya yi na biyu a 2023, kofi ya wuce Enyimba. Ya sake yin na biyu a 2024, kofi ya wuce Rangers. A wajenmu da tuni an ce ba shi da ƙashin arziki, an nemo wani. Suka bar shi. A 2025 ya ɗauko musu kofin, karon farko a tarihinsu. Ba na cewa sun zama gagara-badau, Mamelodi Sundowns ta zo ta zuba musu biyar a gasar zakarun Afirka. Amma kaka huɗu a jere suna cikin ukun farko, uku na ƙarshe da mutum ɗaya a bakin layi, mu kuma a waɗannan shekarun mun faɗi, mun tashi, mun canza hannu sau nawa.

Na san abin da za a ce min, don an faɗa min a teburin shayi: "To Ikorodu City fa?" Gaskiya ne. Sun hau a 2024, suka fara da tuntuɓe, suka canza koci tun kaka tana ɗanya, suka ƙare a na huɗu. Wani lokaci canjin yana yin magani, ba na jayayya. Sai dai a duba, yaran da suka taso da su ne suka ci gaba da bugawa, masu ƙungiyar ba su canza ba, tsarin bai canza ba. Direba kawai aka sauya a motar da lodinta ke da kyau. Kafin mu kwaikwayi korar, mu tambayi kanmu ko namu lodin haka yake.

Abin da ya fi ci min rai shi ne, ba sai mun je Ikenne aron darasi ba, a gidanmu yake. Wanda ya kalli wasan ƙarshe na kofin Aiteo na 2018 a Asaba ba zai manta ba. Muna cin Rangers uku da nema, saura 'yan mintuna, har mun fara kiran gida ana taya juna murna. Suka farke ukun nan tas, suka cinye mu a bugun fenariti. A gidan kallon da nake, wani bawan Allah ya zauna a ƙasa ya dafe kai, ba ya ko motsi har aka kashe janareto. In akwai ranar da ta cancanci a kori koci, ranar ce. Amma ba a kori kocinmu Ibrahim Musa ba. Shekara na zagayowa, a Kaduna, ya doke Niger Tornadoes a fenariti ya kawo mana kofin, wanda ba mu taɓa ci ba tun kafa ƙungiyar a 1990. Haka zamanin da muka fitar da Al Ahly a 2009, ɗaya da ɗaya a Kano, biyu da biyu a Alƙahira, har muka kai wasan kusa da na ƙarshe. Haka kofuna uku a jere daga 2012 zuwa 2014. An canza koci a tsakani, Okey Emordi ne ya ci na ukun, amma ƙashin bayan ƙungiyar yana nan, su Rabi'u Ali da Gambo Muhammad sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya. Shekara goma sha biyu ba a ci mu a gida ba, sai 2015 da Nasarawa United ta karya.

Wataƙila wannan tarihin ne ma ya ɓata mu. Mun taso da imanin cewa ba a cin Pillars a Kano, har canjaras ya zama mana zagi. Yaron da aka raina a kan haka, in aka farke masa a minti na ƙarshe, gani yake an yi masa fashi, sai ya nemi wanda zai kama. A nan ne nake ganin 'yan gidan kallon Legas, duk da surutunsu, sun fi mu sauƙin ɓarna. Lokacin da Arsenal ta sha kashi a wasanninta uku na farko a 2021, har Manchester City ta ba ta biyar, babu irin zagin da kocinta Arteta bai sha ba a Agege. Amma zagin ya ƙare ne a bakin ƙofa, kowa ya hau danfo ya tafi gida. Fushinsu ba ya isa Landan. Namu yana isa, domin muna cikin filin, kuma hukuncinsa a kan ƙungiyar yake sauka. A 2022 ma an zabtare mana maki saboda hargitsi, kuma a shekarar muka faɗi. Koci mafi rauni sai ya yi asarar wasa guda cur kafin ya zubar da maki uku. Mu cikin minti goma muka zubar da su, muka haɗa da kuɗin ƙofa na watanni, muka tura yaranmu su riƙa buga wasan gida a garin wasu.

Ba ina cewa a yi shiru ba ne. Mai biyan kuɗin tikiti yana da haƙƙin ya yi ƙorafi, ni ma ina yi, kuma akwai wasannin da na ga canjin da koci ya yi na rasa gane kansa. Ina so ne ƙorafin ya hau sama, inda ake yanke shawara. Ahmed Musa, wanda ya zura ƙwallo 18 a rigarmu a kakar 2010 kafin ya fita Turai, shi aka naɗa janar manaja a Yulin 2025. Ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Rasha da Ingila. Tambayoyin da nake so magoya baya su riƙa yi masa da masu gwamnati su ne: kwantiragin shekara nawa aka ba koci, kuma za a mutunta shi? Wa ke da ta cewa a sayen 'yan wasa? Ina yaran Junior Pillars suke ƙarewa? Kano da kowace unguwa ke da kulob, daga Gwagwarwa har Ɗorayi, bai kamata kowace kaka ta zama sai an tara baƙin fuska goma sha an ce su zama ƙungiya cikin mako uku ba.

Ɗana na fari a nan Legas aka haife shi, shekararsa tara, Yarabanci a bakinsa kamar ruwa. Rigar Saka yake sawa. Da na je gida da ƙaramar salla na sayo masa ruwan ɗorawa da kore a Kantin Kwari, ya karɓa ya ce, "Baba, su waye waɗannan, suna cin kofi?" Na zaunar da shi na ba shi labarin Alƙahira. Na yi masa alkawarin ranar da Pillars za ta zo Onikan buga Ikorodu City zan rufe rumfa da wuri mu tafi tare, kuma dattijon nan na teburin shayi ya ce a tanadar masa wuri a motar.