Ni da ƙaiƙayin da ba a sosawa a gaban mutane

Abin daga ƙafa ya fara, cin ruwa ne ɗan ƙarami tsakanin ƙaramin yatsa da na kusa da shi, fatar ta yi fari fat ta yi laushi tana saɓulewa kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ko a jikina. Ai kowa ya san cin ruwa, na ce zai gaji ya tafi. Takalmi sau-ciki ne a ƙafata tun safe har dare, safa kuwa nakan yi mata kwana biyu ko uku in dai ba ta fara yi min magana ba, ashe gida nake gina wa baƙo har da sa masa ruwa da wuta.

Bayan kamar wata biyu sai baƙon nan ya samu ƙarin girma aka yi masa canjin wurin aiki, ya tashi daga ƙafa ya dawo matsematsi. Jama'a, ƙaiƙayi iri-iri ne. Akwai wanda za ka sosa a gaban kowa har a tausaya maka, akwai kuma wanda in ka kai hannu mutuncin da ka yi shekara 20 kana tarawa ya zube a minti ɗaya. Nawa na biyun ne. Kuma shegen abin ya san lokaci, ina zaune ni kaɗai a ɗaki ba ruwansa da ni, amma da zarar na shiga cikin mutane na fara gumi sai ya ce salamu alaikum.

Sai na koma ƙirƙirar dabaru. Akwai ta hannu a aljihu, kamar mai laluben makulli. Akwai ta ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya a dinga kaɗawa kamar wani mai zurfin tunani. Akwai tafiyar agwagwa, a ɗan ware ƙafa, in an tambaya a ce ciwon baya ne. Akwai kuma gefen tebur, wannan ba zan yi bayaninta ba, wanda ya sani ya sani.

Ranar da asirina ya kusa tonuwa muna mitin ne a ofis, ni ke tsaye ina bayani, fanka ta tsaya, gumi ya karyo. Na zura hannu a aljihu na fara neman makulli. Ina magana ina nema, ina nuna allo da hannu ɗaya ɗayan yana bakin aiki, ni a ganina ba wanda ya lura. Can sai oga ya sauke tabarau ya ce, "Malam, wai har yanzu ba ka ga makullin ba ne? Ga shi nan fa kan tebur a gabanka." Wallahi makullin yana nan a gabana ƙuru-ƙuru. Na ce a'a yallaɓai, na gida nake nema. Wani a baya ya yi tari irin na mai danne dariya, har yau ban yafe masa ba.

Dare kuma shi ne babbar kasuwa. Barci ya zama rabi da rabi, da safe in tashi ido ja ina faɗa da kowa ba dalili. Wata rana cikin dare matata ta tashe ni a firgice wai akwai ɓera a ɗakin, tana jin yana cin kwali, ƙurus ƙurus ƙurus. Na tashi na kunna fitila na taya ta nema har ƙarƙashin gado. Mun kai minti 15 muna neman ɓeran da yake tsaye riƙe da tocila.

Kunya ta hana ni zuwa asibiti, sai na yi wa wani abokina zancen a kaikaice, wai wani ɗan'uwana ne ke fama. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Mutumina, ka ce wa ɗan'uwan naka ya daina tafiya kamar agwagwa." Da farko man goge baki ya ce a shafa, na gwada sau ɗaya, abin da zan iya cewa kawai shi ne na yi rawar da ban san na iya ba. Sai ya kawo min wani kirim irin mai haɗi uku a bututu ɗaya, ya ce wannan yankan wuƙa ne. Kuma fa kwana uku ƙaiƙayi ya ɗauke cak, jan ya dushe, na yi barci har da munshari, na dinga yabon kirim ɗin nan kamar ana biyana. Da na daina shafawa da sati ɗaya abin ya dawo da 'yan rakiya. A da girman murfin kwalba ne, da'ira mai ɗan tudu a baki-baki tsakiyarta fes, yanzu ya fi tafin hannu, ba a ma gane inda ya fara da inda ya ƙare. In shafa ya lafa, in daina ya dawo ya ƙara fili, haka muka yi wata huɗu, har fatar wurin ta yi siriri ta fara fitar da layi-layi kamar nankarwa.

Ranar da na gaji na je asibiti, addu'ata ɗaya Allah ya haɗa ni da likita namiji, tsoho, wanda ya ga duniya. Aka kira sunana na shiga, mace ce. Na zauna na fara ba ta labarin ciwon kai da ba ni da shi, na gangaro kan gajiya, ina shirin shiga hawan jini ta ajiye biro ta ce, "Malam, tun da ka shigo hannunka yake aljihu. A ina yake maka ƙaiƙayin?"

Ta sa safar hannu ta ɗan kankare ɓawon fatar daga bakin da'irar a kan ɗan gilashi, aka ɗiga masa wani ruwa mai narkar da fata ya bar ƙwayar cutar, aka duba a madubin likita. Fangas ne, dangi ɗaya da makeron da ke cin kan yara. Ta ce abincinsa keratin, sinadarin da ke saman fata da gashi da farce, kuma wanda ya fi kama mutane sunansa Trichophyton rubrum, suna kamar na wani babban farfesa alhali a hammata da matsematsi yake kwana. Abin da yake so zafi da gumi da damshi. Turawa ma sunan tsutsa suka laƙaba masa saboda da'irar, amma babu tsutsa ko ɗaya a ciki. Ta ce kyasbi ma fangas ne amma wani iri daban, Malassezia, wanda dama yana zaune a fatar kowa.

Da na nuna mata kirim ɗina na alfahari sai ta juya bututun ta nuna min wata kalma, betamethasone. Ta ce wannan sitiroyid ne, ƙaiƙayi da ja yake kashewa, amma yana kwantar da garkuwar fatar, wato na kori maigadi na bar ɓarawo a cikin gida. Ta ce a Indiya yawan shafa irin waɗannan haɗe-haɗen na cikin abin da ake dangantawa da ɓullar wani nau'in fangas da ba ya jin magani. Nan na gyara zama.

Sai kuma ta ce in cire takalmi. Na ce likita ai ba ƙafar ce ta kawo ni ba. Ta ce ai nan ne hedikwata, can sama reshe ne kawai. Wai duk lokacin da na zura ƙafa a gajeren wando ina ɗaukar ƙwayar ne in kai ta sama da kaina, ga tawul ɗaya da nake goge ƙafa da shi sannan in goge ko'ina. Na cire safa, ta ɗan ja kujerarta baya, ban ga laifinta ba.

Aka gwada min suga saboda masu ciwon suga sun fi saurin kamuwa, Allah ya taimaka lafiya lau. Ta rubuta terbinafine, na sha da na shafawa tunda abin ya yi faɗi, ta ce ko na ga ya warke in ci gaba har kwanakin su cika, don a nan mutane suke faɗuwa, ƙaiƙayi na tsayawa su jefar da magani. Farcen babban yatsan ƙafata da ya yi kauri ya koma ruwan ɗorawa kuwa ta ce shi sai an yi kamar sati 12 ana shan ƙwaya, kafin sabo ya gama fitowa kuma a yi shekara.

A gida aka ware min tawul kamar wani fursuna, takalma biyu nake juyawa yanzu don kowanne ya samu ya bushe, wando sai na auduga mai sakin jiki, in na yi wanka sai na bi yatsu ɗaya bayan ɗaya na tsane. Amma dokar da ta fi ci min mutunci ita ce ta sa safa kafin wando. Jiya da safe matata ta turo ƙofa ta same ni tsaye tsakiyar ɗaki, daga ni sai baƙar safa har ƙwauri. Ta tsaya ta kalle ni, ta kalli safar, ta ce, "Maigida, wannan kuma ɓeran ne ya ce ka yi haka?"