Kafin Ka Dangwala Wa Gwamna, Ka San Wanda Zai Gaje Shi

'Yan'uwana matasa, akwai tambayar da ba ma yi a lokacin zaɓen gwamna, kuma rashin yin ta yana cutar da mu: idan mutumin nan ya bar kujera kafin wa'adinsa ya cika, wa zai hau? Muna liƙa hoton ɗan takara ko'ina, mu kwana muna musu a kansa a Facebook, amma da yawanmu ko sunan mataimakinsa ba mu riƙe ba. A jikin fasta ma can gefe ake maƙala ɗan ƙaramin hotonsa.

Alhali doka ba ta ɗauke shi ƙarami ba. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ba gwamna shekara huɗu, kuma ba a zaɓensa fiye da sau biyu. Idan ya rasu, ko ya yi murabus, ko majalisa ta tsige shi, mataimakinsa ake rantsarwa, ba a komawa rumfar zaɓe a tambaye ka. Ƙuri'ar nan guda da ka jefa, mutum biyu ka ba wa.

Ku dubi Kaduna. An zaɓi Namadi Sambo a 2007. Da Allah Ya yi wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua rasuwa a watan Mayun 2010, Goodluck Jonathan ya ɗauko Sambo ya zama mataimakin shugaban ƙasa, sai Patrick Yakowa ya gaji kujerar. Yakowa ya ci zaɓen 2011, amma a watan Disambar 2012 ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa, Mukhtar Ramalan Yero ya hau. Gwamna uku ke nan cikin shekara takwas, kuma biyu daga cikinsu ta ƙofar mataimaki suka shigo. A Yobe kuwa, Mamman Ali ya rasu a Janairun 2009, Ibrahim Gaidam ya gaje shi, ya kuma riƙe jihar har 2019. Yaron da ya shiga firamare a farkon mulkinsa ya kusa gama sakandare kafin ya sauka. Wa ya yi wannan lissafin ranar da ake zaɓen 2007?

Haka abin yake a wasu ƙasashen. A Amurka, da Andrew Cuomo ya yi murabus a 2021, mataimakiyarsa Kathy Hochul ce ta zama gwamnar New York.

Abin da ya fi ci min rai shi ne yadda ake zaɓo mataimakin. Sau da yawa ba a duba ko zai iya riƙe jiha. Ana duba shiyyar da ya fito, ko a faranta wa wani ubangida, ko a nemo wanda ba zai taɓa ɗaga kai ba. In kuma suka saɓa da maigidan, majalisa ta tsige shi, mu matasa mu ne 'yan tafi. Mu tuna abin da ya faru a Taraba. A watan Oktoban 2012 majalisa ta tsige mataimakin gwamna Sani Abubakar Danladi, aka naɗa Garba Umar. Watan bai ƙare ba Gwamna Danbaba Suntai ya yi hatsarin jirgin sama, ya kasa ci gaba da aiki. Mutumin da ba ya cikin takarar 2011 ya zama muƙaddashin gwamna, jihar ta shiga ja-in-ja a kan wa ke da iko, har sai da Kotun Ƙoli ta mayar da Danladi a 2014. Talakawan jihar ne suka yi zaman jira duk tsawon wannan lokaci.

Don Allah mu canza. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, a tambaye shi a bainar jama'a dalilin da ya sa ya ɗauki wane, da aikin da zai damƙa masa. A binciki inda mataimakin ya taɓa aiki, da yadda ya bar wurin. A kuma kula da 'yan majalisar jiha, don su ke da wuƙa da nama wajen tsigewa. Su ne suka sauke gwamnan Kaduna Balarabe Musa a 1981, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya gaje shi. Hukumar INEC tana fitar da jerin 'yan takara tare da mataimakansu tun kafin ranar zaɓe. Ku nemo na jiharku, ku karanta suna na biyu, ku kai maganarsa majalisar da kuke zama da dandalin da kuke hira.