Mujallunmu ba su shirya wa bayyana sunan mai tantancewa ba

A jami'o'in Ingila, inda nake koyarwa, ra'ayin da ke tashe shi ne a daina ɓoye sunan masanin da ya tantance maƙala kafin mujalla ta buga ta. Mujallar likitoci ta BMJ ta fara sa masu tantancewa su rattaba hannu a rahotonsu tun 1999, wasu mujallun ma har rahoton suke wallafawa tare da maƙalar. Hujjarsu ita ce wanda ya san za a ga sunansa ba zai ci mutuncin marubuci ba, ba kuma zai danne aikin abokin hamayya ba. A nan hujjar tana da ƙarfi. Amma da na ji wasu abokan aiki a gida suna cewa mujallunmu su bi sahu, sai hankalina ya tashi.

Tsarin dai kusan ɗaya ne ko'ina. Edita ya karɓi maƙala, ya aika wa masana biyu ko uku, su karanta, galibi ba tare da an biya su ba, su ce a karɓa, ko a yi gyara, ko a yi watsi da ita. Ƙa'idojin ƙungiyar COPE mai kula da ɗa'ar wallafa bincike, wadda editoci suka kafa a Birtaniya a 1997, sun ce duk mai alaƙa da marubuci ya faɗa wa edita, kuma kada ya amfana da abin da ya karanta kafin a buga.

Bambancin yana cikin zamantakewa. A nan ƙaramin malami yana kiran farfesa da sunansa, ya musa masa a zauren taro, su fita shan shayi tare. A gida kuwa, ka duba mujallar sashe: maƙalar ta farfesa ce, wanda aka ba ya tantance kuma ɗalibinsa ne na jiya, takardunsa na ƙarin girma ma ta teburin farfesan za su bi. Ko ya ga alƙaluman ba su kai ga abin da aka kammala a kai ba, in sunansa zai fito, iyakarsa ya gyara waƙafi da aya, ya ce “Ranka ya daɗe, aiki ya yi.” Ba na ganin laifinsa. Kunyar malami tarbiyya ce da nake alfahari da ita, kuma ina kewarta a nan. Sai dai a wannan gurbin tana hana faɗin gaskiya, ɓoye suna kaɗai ke ba yaro damar cewa babba ya yi kuskure ba tare da an kira shi marar kunya ba.

Sunan marubucin ma ya kamata a rufe, domin girman suna yana rinjayar kowa, har Turawan. A 2022 mujallar kimiyya ta Amurka mai suna PNAS ta buga wani gwaji: maƙala ɗaya da Vernon Smith, mai lambar Nobel a tattalin arziki, ya rubuta tare da matashin mai bincike Sabiou Inoua, aka rarraba wa ɗaruruwan masu tantancewa. Waɗanda aka nuna wa sunan Smith, kashi 23 cikin 100 ne suka ce a yi watsi da ita. Waɗanda ba su ga suna ba, kashi 48. Waɗanda suka ga sunan Inoua kaɗai, kashi 65. Rubutu ɗaya ne, ko wasali ba a canza ba. Duk ɗan Afirka da ya taɓa aika aikinsa waje da adireshin jami'ar gida zai gane abin da waɗannan alƙaluman ke faɗa.

Na san za a ce a ƙaramin fage irin nazarin Hausa kowa ya san salon kowa, cire suna wahalar banza ce. Akwai gaskiya a ciki. Shi ya sa nake ganin edita ya daina neman mai tantancewa a ofishin da ke kusa da nasa. Maƙalar Kano ta tafi Sakkwato ko Maiduguri, ta Zariya ta tafi Yamai ko Damagaram. Kuma kwamitocin ƙarin girma su fara ba da maki ga aikin tantancewa, da takardar shaida daga edita wadda ba ta ambaci maƙalar ba, tunda yanzu wanda ya kwana uku yana bin lissafin wani ba ya samun komai a fayil ɗinsa.