Kafin ka yi odar sifika daga waje, tambayi kuɗin kawowa

Jama'a akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, musamman mu masu haya da kayan sauti a biki da wajen wa'azi, da masu ƙaramin sutudiyo, har ma da kwamitocin masallatai da ke fara neman sifika duk shekara in azumi ya ƙarato. Mutum zai ga kaya a intanet, ya buga lissafi a waya, ya ce kai ashe 'yan kasuwar Sabon Gari da ta Alaba a Legas yanka mu suke yi, bari in yi oda da kaina. Ni ma haka na ce a lokacin.

Manyan sifikun bas guda biyu na sayo daga Guangzhou ta ƙasar Chaina, masu inci 18. Farashinsu ya yi min daɗi sosai, na tura kuɗi, sai da kaya suka isa sito wajen ejan sannan ya turo min hoton kwalin a kan sikeli da tef ɗin awo a jikinsa. Nauyin kowanne kilo 45 ne, amma ya ce kilo 56 zan biya. Na ce ta yaya? Ashe a jirgin sama ba nauyi kaɗai ake dubawa ba, har da wurin da kaya zai cinye. Ana ninka tsawo da faɗi da tudu a santimita, a raba da 6000, wanda ya fi yawa tsakanin wannan da ainihin nauyin shi za ka biya. Kwalina 80 ne da 70 da 60, ku buga ku gani. Masu kawowa cikin gaggawa irin su DHL ma da 5000 suke rabawa, kun ga abin ya ƙara hawa kenan. Bayan wannan kuma sifika akwai ƙaton maganaɗisu a bayanta, kamfanonin jirgi suna saka ta cikin kaya na musamman, sai an yi mata gwaji tukunna, shi ma da kuɗinsa.

Wallahi ranar ban iya cin abinci ba, don kuɗin kawowa ya wuce kuɗin kayan.

Dole na koma jirgin ruwa, inda ake haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya ana cajin ka da CBM, wato awon girman wurin da kayanka suka cinye. Ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, amma sai ka haƙura, nawa sun haura wata biyu kafin su fito daga tashar jirgin ruwa ta Apapa a Legas, bikin da na yi alkawarin zuwa da su ya wuce sai aro na yi. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, kwastan ba a kan kuɗin kaya kaɗai suke yanka haraji ba, har da kuɗin jirgi da inshora ake haɗawa, sannan a ɗora VAT na kashi 7.5. Ma'ana duk tsadar da jirgi ya yi, harajinka ma ya bi shi. Duk wannan kuma da dala ake lissafi, dalar da kafin Yunin 2023 take wajen naira 460 a banki, zuwa farkon 2024 ta haura 1,500. Sai kuma mota daga Legas zuwa Kano, tafiyar kilomita kusan dubu, da 'yan dako masu jefa kaya kamar buhun masara. Ɗaya daga cikin akwatunan da kusurwa a fashe ya iso hannuna.

Da na kwance shi don gyara ne na zauna ina kallonsa. Mene ne a ciki? Sifika ɗaya, 'yar waya, soso. Sauran duk katako ne da iska. Wato na biya dala an ɗauko min katako da iska tun daga Chaina, alhali muna da kafintoci a nan da in ka ba su awo daidai da filawud mai kauri za su haɗa maka akwatin da ba za ka ji kunyar fita da shi ba. Wannan ne ra'ayina kuma ina kansa: ka sayo sifikar tsirara, a yi mata gida a nan. Na san wasu za su ce sautin ba zai zo ɗaya ba, kuma gaskiya ne in kafintan ya yi da ka, don girman cikin akwati da ramin iska suna da lissafinsu. Toh ai kamfanoni da yawa suna fitar da awon, ka buga a takarda ka tsaya a kansa har ya gama.

Amfilifaya ma haka. Tsofaffin nan masu ƙaton taransifoma da mutum ɗaya ke nishi kafin ya ɗaga, ina son ƙarfinsu har raina, amma na zamani da ake kira Class D ba su da wannan nauyin ko kusa. Wani bawan Allah a Amurka ya aiko wa masallacin unguwarmu tsohuwar amfi sadaka, Allah ya saka masa da alheri, niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai kuɗin da aka kashe wajen kawo ta da ya sayi sabuwa a nan, ga shi ƙarfin wutar can volt 120 ne tamu 230, ladan bai sani ba ya jona ta kai tsaye ta yi hayaƙi. Har yau tana ɗakin ajiya muna neman taransifomar da za ta dace da ita.

Shi ya sa na daina zagin masu shago. Mutumin da ya cika kwantena, ya biya kuɗin fito da kaya daga kwastan, ya ɗauki asarar wanda ya fashe, kuma ya bar ka ka jona ka ji sauti kafin ka biya, ribarsa halak ce. Satin nan sifiku huɗu nake jira, tsirara, duka a kwali biyu, kafinta kuma ya riga ya yanka katako.