Cakulan ɗin shafa wa burodi a Romaniya, da sanyin da ya sauka a Turkiyya

Jama'a yau dai a kan kwalbar cakulan zan yi magana, kar wani ya ce na rasa abin yi. Duk wanda ya taɓa zama a Romaniya ya san wannan cakulan ɗin da ake shafa wa burodi ba kayan gayu ba ne a can, abin yau da kullum ne. Ka je kowace kasuwar biki ko bakin titi a Bukares za ka ga mai suyar clătite, wata fanke ce siririya mai faɗi kamar faifai, yana lafta mata cakulan ya naɗe ya miƙo ma da zafinta yana ɗiga a takarda. Kuma yawancinsu ba sa cewa Nutella, finetti suke cewa ko da ba na kamfanin ba ne, kamar dai yadda mu kowane garin sabulu Omo ne kowane ɗanɗano Maggi ne.

Shi Finetti ɗin na kamfanin Chipita ne na ƙasar Girka, har Mondelez ta Amurka ta saye Chipita a kan kusan dala biliyan 2, aka kammala cinikin farkon 2022. Nutella kuma na Ferrero ne na Italiya tun 1964. Sai manyan kantuna irin su Lidl da Kaufland da Carrefour kowa da nasa mai araha a ƙasan kanta. To in ka tsaya gaban layin nan sai ka ɗauka kasuwa ce mai yalwa, kwalabe kala-kala, amma wallahi duk rijiya ɗaya suke sha, kuma rijiyar ba a Romaniya take ba.

Juya kwalbar ka karanta bayanta. A Nutella fiye da rabi sukari ne, sai man ja da aka tace, hazalnot kashi 13, koko kashi 7 da ɗan wani abu, sai madarar gari. Shi hazalnot ɗin wata 'yar ƙwaya ce mai ɓawo da ke fitowa a bishiya, girmanta kamar gujiya, 'yan Romaniya suna ce mata alune de pădure wato gyaɗar daji, don ita ma gyaɗarmu alune suke kiranta. Kusan kashi biyu cikin uku na abin da duniya ke samu daga Turkiyya yake fitowa, kuma ba ma duk Turkiyyar ba, wani siririn yanki ne a gaɓar Bahar Aswad, wajen Ordu da Giresun da Samsun, gonaki a jikin tsaunin da ko mota ba ta hawa sai dai hannu ya tsinka. Dare ɗaya na sanyi mai daskarar da raɓa lokacin da bishiyar ke toho ya isa ya kwashe amfanin shekara. Ya faru a watan Maris 2014, farashi ya yi sama, ya sake faruwa a Afrilun 2025, ga kuma wani ƙwaro mai wari da ya addabi gonakin yana tsotse ƙwayar tun tana ɗanya.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne asalin abun. Bayan yaƙin duniya na biyu koko ya yi tsada a Italiya, shi ne Pietro Ferrero ya dinga cika cakulan da hazalnot don ya auka, tunda a yankinsu na Alba a wadace take. Wato cikon ƙwarya ce. Yau cikon ƙwaryar ce ke hana masu kamfani barci.

Koko kuma namu ne na nan Afirka ta Yamma, Kwaddibuwa da Ghana su biyu suna ba da fiye da rabin na duniya. Tan ɗin da ake saya wajen dala 2,500 a 2022 ya haura dala 12,000 a ƙarshen 2024, saboda cutar bishiya da rikicewar damina da masu haƙar zinare ba bisa ƙa'ida ba, da ake kira galamsey, da ke cinye gonaki, 'yan uwanmu na zango a Kumasi sun fi ni sanin wannan. Man ja ma bai tsira ba, a 2022 Indunusiya ta rufe fitar da shi na wasu makonni kowa ya rikice.

To ga ra'ayina. Mutane suna ta cewa Nutella zai yi wuyar samu, ni ban yarda ba sam. Ferrero shi kaɗai yana kwashe kusan kashi ɗaya cikin huɗu na hazalnot ɗin duniya, a 2014 ɗin nan ya saye Oltan, ɗaya daga cikin manyan dillalan Turkiyya, ya je ya kafa gonaki har Chile inda kakarsu ke zuwa a wani lokaci daban. Mai irin wannan rumbun ba shi fari ke fara kayarwa ba. Wanda zai sha wuya shi ne ƙaramin kamfanin da ke haɗa wa kantuna mai araha, wanda ribarsa a kwalba ba ta taka kara ta karya ba, kuma mai sayensa iyali ne da ke ƙirga kowane leu, wato kuɗin Romaniya. Shi ba zai iya ƙara kuɗi yadda yake so ba, sai dai ya rage. Hazalnot ɗin ta koma ɗan ƙamshi kawai, mai da sukari su cike gurbi, kwalba ta ɗan tsuke farashi na nan yadda yake. Na taɓa sayen wani mai araha na buɗe na shafa, wallahi kamar sukari aka dama da mai aka ɗiga masa launi, da na duba baya hazalnot ɗin can ƙarshen layi take.

Sannan gwamnati ma ta ɗora nata. Daga Janairun 2024 kayan da aka zuba wa sukari da yawa harajin VAT ɗinsu ya tashi daga kashi 9 zuwa 19, a Agustan 2025 babban harajin ya koma 21, ga leu ya sauka har yuro ɗaya ya wuce leu 5, alhali kayan haɗin da yuro da dala ake sayo su. Ga dokar Tarayyar Turai kan sare dazuka tana tafe, wadda za ta ce sai an nuna gonar da koko da man ja suka fito, an ɗage ta amma ba a soke ba.

Wani zai ce to su noma tasu mana, ai suna da ƙasa. Gaskiya ne an fara dasawa, kuma suna da furen rana jibge da za a iya matse mai a maimakon man ja. Amma bishiyar hazalnot ba gero ba ce, sai ta yi shekara huɗu zuwa biyar kafin ta fara ba da abin kirki, koko kuwa ko sun shekara ɗari suna addu'a ba zai tsiro a ƙasar da ake dusar ƙanƙara ba. Ni dai yanzu in na ɗauki kwalba ba farashin nake fara dubawa ba, giram nawa ne da kashi nawa na hazalnot, kuma sai na matso da ita kusa da ido don rubutun ƙanana suke yi.