Na'ura kaɗai kuka ba mu, ina sauran kayan?

Wanda ya zauna cikin sanyin ofis ya ga cewa ya isa a miƙa wa mutumin ƙauye na'urar cire ƙarfe daga jini, a nuna masa inda ake dannawa, a ce masa "Allah ya ƙara sauƙi", ina gayyatarsa ƙasar Auyo a tsakiyar bazara. Ba sai ya zo da komai ba, tuwo da shimfiɗa suna wuyana. Ya dai zo ya ga yadda ake kwana da wannan abu a ɗakin da babu wuta, babu fanka, kuma kemis ɗin kirki sai an yi tafiya. Na daɗe ina haɗiye maganar nan saboda kunya da gudun kada a ce ba mu da godiya. Yanzu kam ta kai ni wuya.

'Yata sikila ce. Tana ƙarama ta samu shanyewar ɓarin jiki, likitoci suka ce hanyar hana shi dawowa ita ce ƙarin jini a kai a kai, kusan duk wata. Jinin ya riƙe ta da ikon Allah, ba ni da ja a kan wannan. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba. Kowace ledar jini tana shigowa da kimanin miligiram 200 zuwa 250 na sinadarin ƙarfe, jikin mutum kuwa abin da yake iya zubarwa bai wuce miligiram 1 zuwa 2 a rana ba. Ragowar sai ya yi ta taruwa a hanta da zuciya da sassan da ke kula da sukari da girman yaro, a hankali, babu ciwo babu alama, har ya yi ɓarna. Bayan an sha leda 10 zuwa 20, awon jinin da ake kira feritin ya haura 1,000, sai a ce a fara cirewa. Maganin da aka rubuta mana shi ne Desferal, tsohon magani ne da ake amfani da shi tun shekarun 1960. Ba a shan sa ta baki domin hanji ba ya tsotse shi sosai, kuma ba ya daɗewa a cikin jini. Shi ya sa dole sai na'ura ta riƙa tura shi kaɗan-kaɗan ta ƙarƙashin fata na awa 8 zuwa 12, dare 5 zuwa 7 a mako.

Na'urar mun samu, wani bawan Allah ya taimaka, Allah ya saka masa. Amma na'ura ba ta aiki da addu'a kaɗai. Tana son magani, da ruwan allura na narka shi, da sirinjin da ya yi daidai da bakinta, da siririyar allura mai fukafukai, da auduga, da filasta, da batir. Ɗaya ya yanke, daren ya tafi a banza. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke zuwa daga hannun waɗanda suka rubuta mana takarda.

A yi lissafi mana. Ƙaramar kwalba miligiram 500 ce. Yaro mai kilo 25 da aka yanka masa miligiram 40 a kowane kilo, kwalba biyu zai sha a dare guda, goma a mako in dare biyar ne, sama da arba'in a wata. Ni manomi ne, gero da ridi da 'yar shinkafa a fadama. Kuɗin maganin wata ɗaya ya fi ƙarfin abin da nake sayarwa a wata, ba ma a zo ga kuɗin mota da na jini da na awo ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta zube, kowane zuwa sabon farashi ne. Ko da kuɗin a hannu, samun maganin wani yaƙi ne. A nan kusa, in ka faɗi sunansa sai mai kemis ya dube ka ya ce ka sake faɗa. Sai an hau acaɓa zuwa Haɗeja, a shiga mota zuwa Kano, a je ɗakin maganin asibiti a ce "babu, ku duba waje". A waje kuma wannan ya ce sai an yi oda, wancan ya fito da kwalin da rubutunsa ya koɗe ya rantse maka mai kyau ne. Ta yaya ni zan gane na gaskiya da jabu? Lokacin ambaliyar 2022 da ruwa ya cinye hanyoyinmu, yarinyar nan ta daɗe babu magani ko kwalba ɗaya, kuma babu wanda ya kira ya ji ko muna raye.

Allurar ma abin takaici ce. Wadda ta dace siririya ce gajera, an yi ta don ƙarƙashin fata. In aka rasa ta sai a miƙo maka ta ƙarin ruwa, a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, wallahi. Wanda ya ce ɗaya ne bai taɓa soka ta a cikin yarinya marar tsoka ba. Batirin na'urar kuma ba irin na tocila ba ne da ake samu a kowane tebur. Na taɓa sayen wani a kasuwa, sabo fil a leda, kafin tsakar dare ya mutu, maganin da na riga na narka ya tsaya rabi a sirinji. Narkakken magani ba a ajiye shi kwana da kwanaki, ba a kuma sa shi a firji. Haka na zubar da kuɗina ina kallo.

A jikin kwalin an rubuta kada a ajiye shi inda zafi ya wuce digiri 25. A Jigawa! Inda watan Afrilu da Mayu zafi ke haura 40, ɗakin kwano kuma ya fi waje zafi. Na tambaya ya za mu yi, aka ce "ku nemi wuri mai sanyi". Mahaifiyarta ce ta samo dabara: ta zuba kwalaben a gwangwani mai murfi, ta naɗe da leda, ta binne gindinsa a jiƙaƙƙen yashin da ke ƙarƙashin randa. Nan ne wuri mafi sanyi a duk gidan. Ko hakan ya isa ko bai isa ba, babu ma'aikacin da ya taɓa zuwa ya duba, balle ya ce mana ga gyara.

Bayan sallar isha'i ake fara aikin. A wanke hannu da sabulu, ƙaninta ya riƙe fitilar waya, ni in zuƙo ruwan allura in tura cikin kwalba, in yi ta juyawa har garin ya narke tas. Sai a nemi wuri. Jiya gefen cibiya na dama, yau hagu, gobe cinya, domin in aka maimaita wuri guda sai ya kumbura ya yi tauri. Cikinta duk tabo ne da ƙululu, wasu ja, wasu sun yi baƙi, ga ƙaiƙayi. Ina laluba da yatsa ina neman inda ya rage da laushi, ita kuma ta kau da kai ta ciji gefen zani. Wani daren takan ce, "Baba, don Allah yau kaɗai a bar ni." Sai in ce, "Yi haƙuri uwata, yanzu za a gama." Ƙarya nake, ita ma ta sani, sai da safe za a gama. Gumi ya sa filasta ta ɓalle, allura ta zame, magani ya jiƙe tabarma. Ko ta juya cikin barci ta danne siririn bututun, na'ura ta kama ƙara, gidan duka a tashi. A haka za a lallaɓa cikin gidan sauro da na'urar a 'yar jakar da aka ɗinka mata. Da asuba a cire, ta yi shirin makaranta tana hamma.

Ga mutanen gari. Maganin yana sa fitsari ya koma ja-ja, alamar ƙarfen yana fita ke nan. Babu wanda ya gaya mana tun farko. Ranar da Inna ta gani, salati ta saka, ta ce jini jikarta take fitsarwa, a cire mata wannan abin na Turawa tun bai kashe ta ba. Da ƙyar na shawo kanta. Maƙwabta kuma kowa da nasa: wannan ya ce jifa ne, wancan ya kawo saiwa. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai kemis ɗin da duk yaron da ya ga idonsa ya yi fari sai ya miƙa masa kwalbar maganin ƙarin jini. Waɗannan kwalabe ƙarfe ne a cikinsu. Muna kwana muna cirewa da allura, wani da kyakkyawar niyya yana ɗura mata da cokali. Gwaggonta ta taɓa sayo mata don tausayi, Allah ya sa na gani kafin a buɗe. Shin wayar da kan masu kemis na ƙauye a kan wannan ma sai an jira tallafi daga Turai?

Duk wannan na iya shanyewa. Abin da ya ƙona min rai shi ne ranar asibiti. Ka baro gida tun duhu, ka yi layin kati, ka yi layin awo, ka biya. Sakamakon feritin ya fito bai sauka ba. Sai ma'aikaciya ta ɗaga takarda a gaban jama'a ta ce, "Baba, ba kwa sa mata maganin nan. Ku mutanen ƙauye haka kuke, sai abu ya lalace ku zo kuna kuka." Na ce, "Sista, wata nawa ɗakin maganinku yana cewa babu?" Ta ce wannan ba ɓangarenta ba ne. Na tambayi likita, ya ce shi rubutawa ce aikinsa. Mai ɗakin magani ya ce ba a kawo ba. Kowa yana da ɓangarensa, ita yarinyar ce kaɗai ba ta da ɓangare. Aka rubuta a fayil cewa iyaye ba sa bin ƙa'ida, aka shafa mana kashin kaji, kuma duk likitan da ya buɗe fayil ɗin nan gaba da wannan idon zai dube ni. Ni da na sayar da tunkiyar mahaifiyarta, na jinginar da gefen fadama.

Su da ke maganar ƙa'ida, sun cika tasu? Mai shan wannan magani ana duba masa ido da kunne duk shekara, domin yana iya taɓa gani da ji. Sai da na ji daga bakin wani uba a layi sannan na sani, na je na nema da kaina. In zazzaɓi ya zo, ana dakatar da maganin a ga likita, domin akwai ƙwayoyin cutar da ke samun ƙarfi a jikin mai yawan ƙarfe da ke kan wannan magani. A garin da zazzaɓin cizon sauro yake kamar gaisuwa a damina, wa zan kira da ƙarfe biyun dare? Lambar wayar da aka ba mu ko a kashe take ko ta yi ta ringin.

Kuma ba wai babu wata hanya ba. Akwai maganin sha. Exjade ya fito a Amurka tun 2005, sau ɗaya a rana, ana narka shi a ruwa. Daga baya aka yi Jadenu wanda ake haɗiya. Yana da nasa sharaɗin, sai ana awon ƙoda da hanta a kai a kai, kuma ba kowane jiki yake karɓa ba. Amma yaran wasu ƙasashe da yawa sun huta da allurar dare shekara da shekaru. Da na tambaya aka faɗa min kuɗinsa, sai na yi shiru na naɗe takardata. Haka kuma awon jijiyoyin kai da ake yi wa yaran sikila daga shekara 2 zuwa 16 don gano wanda shanyewar jiki ke yi wa barazana. A nan Kano likitocinmu suka yi bincike, aka wallafa a 2022, ya nuna maganin haidroksiyuriya yana kare irin waɗannan yara. Abin alfahari ne. To amma da awon nan ya iso ƙauye tana ƙarama, wataƙila da ba mu shiga ƙarin jinin wata-wata ba, balle na'ura.

Ana cewa kimanin jarirai 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya duk shekara, babu ƙasar da ta kai mu. Duk ranar 19 ga Yuni, ranar sikila ta duniya, a buga riguna da huluna, a yi jawabi a rediyo, a watse. A 2024 Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, na yaba, da a zamaninmu akwai ta da labari ya sha bamban. Amma waɗanda aka riga aka haifa fa, a zuba musu ido? Dokar inshorar lafiya ta ƙasa ta 2022 ta yi tanadin asusu don marasa ƙarfi. In yarinyar manomi mai shanyayyen hannu da ke kwana da allura a ciki ba ta cikin marasa ƙarfi, a nuna min wanda yake ciki.

Ba sadaka nake roƙo ba. A haɗa magani da allura da ruwa da sirinji da batir a ƙunshi guda na wata, a ajiye a babban asibitin da ya fi kusa da mu, a farashin da talaka zai iya. A koya wa ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa yadda na'urar take, don in ta tsaya ba sai an je Kano ba. A sa maganin sha cikin inshora ga yaran da jikinsu zai karɓa. Kafin a yi duk wannan kuma, watan da ɗakin magani ya ce babu, a rubuta "babu magani" a fayil ɗin, da kwanan wata da sa hannun wanda ya faɗa, a goge wancan layin da aka rubuta a kanmu.